Tumatir Ba Shi Ne Shukar Farko Ba

Tun da tumatir da attarugu suka yi tashin gwauron zabi a tsakiyar 2024, har matan gida da dama suka koma busasshen tumatir da na leda, maganar noman buhu a tsakar gida ta cika gari. A shekarar ce uwargidan shugaban ƙasa, Sanata Oluremi Tinubu, ta yi ta yekuwar kowane gida ya yi lambu. Dattawa ba su ji sabon abu ba, domin sun tuna shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Janar Obasanjo a 1976. Kira dai ba ya ƙarewa. Abin da ba a cika gaya wa mai ƙaramin ƙarfi ba shi ne me zai shuka, kuma a wane wata.

Shi ya sa kusan kowa ke farawa da tumatir, tunda shi ne ya fi cizo a kasuwa, kuma lokacin da ya yi tsadar ne ake tunawa da shuka shi. Nan ake yin asara. Tumatir a ƙasar Hausa amfanin sanyi ne. Manoman Kadawa da Kura a Kano, da na Ɗanja a Katsina, suna rainon iri ne bayan damina ta ɗauke, su dasa wajen Oktoba zuwa Disamba, su cika kasuwa daga Janairu zuwa Maris. Ba al'ada ce kawai ba. Idan zafin rana ya haura digiri 35, dare kuma bai yi sanyi ba, ƙurar furen tumatir takan lalace, furen ya bushe ya zube ba tare da ya ƙulla ɗa ba. Kano da Sakkwato da Maraɗi kuwa sukan kai digiri 40 a watan Afrilu. Sai a ga itacen ya yi kore shar, ya yi fure, amma ko ɗa ɗaya babu. Mai shi ya ce iri ne ba shi da kyau, ko taki ne bai isa ba, ya ƙara zuba kuɗi. Da damina kuma laima ce ke kawo cututtukan ganye da ruɓewa. Ga tsutsar nan Tuta absoluta, wadda ta yi wa gonaki kaca-kaca a 2016 har gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Shukar da ke ba wa tsofaffin manoman fadama ciwon kai ita ake miƙa wa wanda bai taɓa riƙe fartanya ba, kamar a ɗora ɗan koyo a kan ingarman doki ranar hawan salla.

Alhali ga ganyen miya nan, masu son zafi, masu haƙuri. Alayyafo kan isa yanka cikin mako uku zuwa huɗu, kuma idan aka yanke shi a sama aka bar gindin, sai ya sake tofowa. Rama da yakuwa da lalo ba sa neman lele. Kuɓewa kan fara 'ya'ya wajen wata biyu, a riƙa tsinka duk bayan kwana biyu ko uku kafin ta ƙosa. Zogale ko iri ba ya bukata: reshe aka saro aka kafa a jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai a riƙa datse kansa don ya yi rassa kada ya miƙe sama. Ba su da suna a wurin masu ɗaukar hoto, amma su ne ke rage kuɗin cefane kullum.

Batun wuri ba shi da wuya. Tsohon buhun shinkafa, fasasshen bokiti ko jarkar da aka yanke duk sun isa, muddin an huda ƙasansu ruwa ya riƙa fita, an kuma ajiye su inda rana ke samunsu kamar awa shida.

Taki ne wuri na biyu da ake yin ɓarna, kuma ba don rashin kuɗi ba. Gidan da ke da awaki ko kaji ya riga ya mallaki taki. Sai dai ɗanyen kashin kaji na da zafi, yana fitar da iskar amoniya da gishirin da ke ƙona saiwa. Dole a tara shi da busasshen ganye da sharar tsakar gida, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa har wata biyu ko uku, sai ya yi baƙi, warin ya tafi, sannan a gauraya kashi ɗaya da kashi biyu na ƙasa. Manoman yankin Tawa a Nijar sun daɗe da nuna amfanin tattali: 'yan ramukan tassa da suke haƙa, su zuba taki ɗan kaɗan a kowanne, sun farfaɗo da faƙo da dama da aka yanke wa ƙauna.

Ruwa ne ainihin kuɗin lambu, musamman a unguwannin da famfo ya zama ado, kowa ya dogara da 'yan garuwa. Ruwan alwala da na wanke shinkafa ko kayan miya duk na lambu ne. Ruwan wanki mai omo kuwa yana tara gishiri a ƙasa, a buhu ma abin ya fi saurin muni, na kwata kuma ba shi da haɗi da ganyen da za a ci. Ban-ruwa da sassafe ko da yamma, tare da rufe gindin shuka da ciyawa ko ɓawon gyaɗa, na rage yawan jarkar da za a saya. Sannan shinge: akuya ɗaya ta isa ta share aikin wata guda kafin a idar da sallar azahar. Kara ko tsohon gidan sauro ya wadatar.

Duk wannan bayani ne da malamin gona zai yi cikin minti goma, in da ana ganinsa a unguwannin birni. Cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya na da ilmin, amma da wuya ya iso zauren mai buhu biyar.

Wanda kuma ya ƙwallafa rai a kan tumatir, ya jira Oktoba. Ya sayi irin da aka sani, kamar Roma ko UC82B, maimakon matse na kasuwa, domin idan na aure ne 'ya'yansa ba za su yi kama da uwar ba. Kafin lokacin, ya bar kuɓewa biyu da alayyafo ɗaya su ƙosa su bushe a jiki, ya adana irinsu a kwalba mai murfi don shuka ta gaba.