Bargon Hoto a Gasannin Ƙungiyoyin Ɗinki na Amurka: Tsakanin Ido da Allura

Gabatarwa

Abin da wannan takarda za ta yi magana a kai shi ne wani nau'in ɗinki da ya shahara ƙwarai a Amurka, wanda masu shi ke kira kwilti. Tun da yake ba mu da wata tsayayyar kalma da ta yi daidai da shi a Hausa, za mu riƙa kiransa bargon ƙyallaye. Shi wannan bargo hawa uku ne. Akwai fuska, wadda ake haɗawa da ƙyallayen yadi launi-launi, akwai shimfiɗar auduga a tsakiya, sa'an nan akwai shafi a baya. Bayan an jera su sai a ratsa duka ukun da ɗinki, don kada audugar ta dunƙule wuri guda. Duk wanda ya taɓa duba lifidin dawakin sarakuna da kyau ya riga ya san tushen dabarar, domin shi ma auduga ce aka tsare tsakanin yadi biyu da ɗinki.

Galibin irin waɗannan barguna zanen taurari ne da murabba'ai da aka gada kaka da kakanni, ana maimaita su daga wannan gefe zuwa wancan. Amma akwai wani reshe da mai ɗinki ke fitar da hoto sosai, na mutane ko dabbobi ko gari, ko kuma wani labari. Wannan shi za mu kira bargon hoto. Manufarmu ita ce mu nuna cewa gasa, da dokokin da ake gindaya mata, su ne suka fi kome tasiri a kan yadda wannan reshe ya tashi, kuma a kowace gasa bargon hoto yana gaban hukunci biyu ne, watau hukuncin ido mai duba hoto da hukuncin wanda ya san allura. Ba kullum ne biyun ke shiri ba.

Tun kafin a kafa ƙungiyoyi

Ya kamata mu fara da Harriet Powers, wata baƙar fata da aka haifa cikin bauta a Jihar Jojiya a shekarar 1837, ta kuma rasu a 1910. A shekarar 1886 ta kai wani bargo wurin bikin baje kolin auduga a garin Athens na jiharsu. Bargon yana da gida goma sha ɗaya, kowane gida da nasa labari daga Littafin Baibul, kamar na Adamu da Hauwa'u da na 'ya'yansu biyu. Wata malamar zane mai suna Jennie Smith ta gan shi ta nemi saye, mai shi ta ƙi. Bayan 'yan shekaru, da talauci ya matsa wa gidanta, ita da kanta ta ɗauko bargon ta kawo. Ta yi masa kuɗi dala 10, aka taya dala 5, ta sallama. Kafin ta tafi sai da ta bayyana ma'anar kowane gida, malamar kuwa ta rubuta. Albarkacin wannan rubutu ne muka san abin da mai ɗinkin ke nufi da bakinta. Yanzu bargon yana gidan tarihi na Smithsonian a Washinton. Wani bargon da ta ɗinka, mai gida goma sha biyar, yana gidan adana zane-zane na Boston, kuma a cikinsa ta haɗa labaran Ayuba da Yunusa da abubuwan da mutanen ƙasarta ke ba da labari, kamar daren da taurari suka yi ta zuba a watan Nuwamba na 1833.

Dabarar da ta yi amfani da ita ita ce yanke siffa daga wani yadi a ɗora kan wani a ɗinke, abin da za mu kira ɗinkin ɗori. Masana da dama sun kwatanta siffofinta da na tutocin fadar Abomey ta tsohuwar daular Dahome, inda ake irin wannan ɗori. Kamannin a fili suke ga wanda ya jera hotunan biyu, amma a ganinmu kamanni kaɗai ba su isa hujjar cewa wannan daga wancan ya fito ba.

Gasar 1933

Idan ana son a ga yadda hukuncin allura ke danne na ido, to, babu misalin da ya kai gasar da kamfanin Sears ya shirya a 1933, lokacin babban baje kolin duniya na birnin Shikago, wanda aka yi wa taken ƙarni guda na ci gaba. Zamanin kuwa na matsanancin karayar tattalin arziki ne, maza da yawa ba su da aikin yi. Kamfanin ya sa kyautar dala 1,000 ga wadda ta zo ta ɗaya, jimlar kyaututtukan kuma dala 7,500. Barguna sama da 24,000 aka kawo. Har ila yau an yi alkawarin ƙarin dala 200 idan bargon da ya ci sabon zane ne mai nuna taken bikin.

Wannan ƙari ya zaburar da mata da yawa suka bar zanen gado suka shiga ƙirƙira. Suka fitar da tarihin sufuri tun daga keken doki har jirgin sama, suka fitar da gine-ginen bikin da tsohuwar ganuwar sojan da Shikago ta tashi a gefenta. To, amma alƙalan gasar idonsu na kan ƙanƙantar ɗinki da daidaituwarsa ne, hoto bai dame su ba. Kaɗan ne daga bargunan hoto suka kai zagayen ƙarshe, ƙarin dala 200 kuwa babu wadda ta same shi. Bargon da ya ci na taurari ne, zanen gado, wanda Margaret Rogers Caden ta birnin Lexington a Jihar Kentaki ta shigar. Aka ba da shi kyauta ga Eleanor Roosevelt, matar shugaban ƙasa, daga nan kuma ya ɓace.

Sai bayan shekaru masu yawa, musamman a littafin da Merikay Waldvogel da Barbara Brackman suka fitar a 1993, magana ta fito fili cewa matar da ta karɓi kyautar ba ita ta yi ɗinkin ba. Tana da kantin kayan ɗinki, wasu mata ta biya suka yi aikin, alhali dokar gasa ta ce dole bargo ya zama aikin hannun mai shigar da shi. Su matan ba su iya ɗaga murya ba, domin a wurinta suke samun abin sa wa a baka. Wannan al'amari ba baƙo ba ne gare mu. Mu ma nan sau nawa ake yaba babbar riga a jikin mai ita, ba wanda ya tambayi sunan wanda ya yi wata da watanni a kan aikin wuyanta?

Farfaɗowa da gasar sharaɗi

Bayan yaƙin duniya na biyu sana'ar ta ja baya, saboda bargon kanti ya yi araha. Abu biyu suka tashe ta. Na farko, a 1971 gidan zane-zane na Whitney a birnin New York ya rataye tsofaffin barguna a bango kamar yadda ake rataye zanen fenti, mutane suka fara kallonsu da sabon ido. Na biyu, bikin cikar Amurka shekara 200 a 1976 ya sa garuruwa da yawa suka ɗinka bargunan da ke nuna tarihinsu, kowace mace ta ɗauki gida guda. Daga nan ƙungiyoyin masu ɗinki suka yi ta tsiro a garuruwa, yawancin mambobinsu mata, suna haɗuwa wata-wata a zauren coci ko ɗakin karatu. Manyan gasanni ma suka kafu, kamar ta birnin Houston a Jihar Teksas, da ta garin Paducah a Kentaki wadda aka fara a 1985. A 1986, da aka yi gasar cikar gunkin 'yanci na New York shekara 100, bargon hoto na Moneca Calvert ne ya ci kyautar dala 20,000. Abin da aka hana bargon hoto a 1933 ya samu ke nan, bayan shekara 53.

A cikin waɗannan ƙungiyoyi ne aka raya abin da za mu kira gasar sharaɗi. Yadda ake yi shi ne, shugabannin ƙungiya su gindaya wasu sharuɗɗa, kowa ya je ya fitar da abin da zai iya a cikinsu. Alal misali, a raba wa kowa ƙyalle iri ɗaya a ce dole a gan shi a fuskar bargo, ko a ba da jigo guda kamar ruwa ko ƙofa ko ƙuruciya, ko a ƙayyade launi biyu kacal. Kusan kullum ana ƙayyade girma, kuma ƙarami ne, na ratayewa a bango, ana kuma sa ranar kawowa. Akwai ma wadda ake yanka hoto guda tsiri-tsiri a raba wa mutane, kowa ya ɗinka nasa ba tare da ganin na ɗan'uwa ba, ran taro a jera a ga ko kogin da ya fito daga wannan tsiri ya shiga na gaba daidai. Kamfanonin yadi sun ga riba a ciki, shi ya sa kamfanin Hoffman ya fara tasa gasar a ƙarshen shekarun 1980, inda yake fitar da yadi guda a ce da shi za a yi aiki.

Mai kallo daga nesa zai ɗauka sharaɗi takura ne. Mu kam mun fahimci akasin haka. Macen da ba za ta taɓa yarda ta zuba shekara guda da kuɗin yadi a kan babban bargon da ba ta san yadda zai fita ba, za ta yarda ta gwada sabon abu a kan ɗan guntun da bai wuce tsawon hannu ba. Kuma idan aka ba ta yadi mai manyan furanni alhali tana son ta fitar da fuskar tsoho, dole ta koyi kallon yadin ta fuskar haske da duhu, ta manta da furen. Duk malamin da ya taɓa ba ɗalibai jigo ya ce su rubuta abin da suka ga dama, wata rana kuma ya ɗaure su da amsa-amo guda, ya san wanne ne ya fi fitar da gwaninta.

Yadda ake aikin da yadda ake hukunta shi

Yawanci daga hoton kyamara ko zanen fensir ake farawa. Sai a faɗaɗa shi ya kai girman bargon da ake so, a bi shi da alƙalami a rarraba shi yanki-yanki bisa ga haske da duhu. Nan ne ginshiƙin aikin yake. Masu sana'ar sun yarda cewa hoto ba ya fita da launi kawai, sai an sami tazara tsakanin yadi mai haske da matsakaici da mai duhu. Fuska za ta iya zama shuɗiya ko kore a gane mai ita, muddin inuwa ta faɗa inda ya kamata. Saboda haka sukan manna ƙyallayen a bango da ƙananan allurai, su ja da baya su duba, wasu ma su ɗauki hoton aikin baƙi da fari don launi kada ya ruɗe su.

Wajen haɗawa hanya ta rabu. Wata za ta kalmashe bakin kowane ƙyalle da tsinin allura ta ɗinke da hannu, wannan shi ne tsohon ɗori, yana cin lokaci ƙwarai. Wata za ta sa wani siririn danƙo a bayan yadi ta goge da dutsen guga ya manne, ta bar bakin ba kalmasa, sa'an nan ta bi da keke. Wata kuwa ba ta ɗori sam, sai ta yanka hoton ta haɗa ƙyalle da ƙyalle baki da baki, hanyar da aka san Ruth McDowell da ita. Daga ƙarshe a zo ɗinkin da ke ratsa hawa ukun, wanda a bargon hoto shi ma zane ne, domin da shi ake fitar da gashi da tamojin fata da igiyar ruwa.

Alƙalin gasa kuwa, bayan ya tsaya nesa ya dubi hoto, zai matso har hancinsa ya kusa taɓa yadi. Zai duba ko tsawon ɗinki ɗaya ne, ko yadi mai duhu ya nuna ta ƙarƙashin mai haske, ko kusurwoyi sun tsaya, ko bargon ya kwanta a bango ba tare da ya yi tumbi ba. Zai juya baya ma ya nemi ƙullin zare. Bargon hoto yakan sha wuya a nan, saboda wurin da aka cika ɗinki, kamar fuska, yana tsukewa fiye da sararin samaniyar da aka bari sakayau, sai gefe ya karkace. Sau da yawa hoton da ya tsayar da jama'a ya tashi ba kome a hannun alƙalai, shi ya sa gasanni da yawa suka ware wata kyauta dabam wadda 'yan kallo ke zaɓa da ƙuri'a.

Kowace sabuwar dabara sai ta ta da tsohuwar gardamar. A 1989, da bargon Caryl Bryer Fallert mai nuna husufin rana ya zo na ɗaya a Paducah, mutane da yawa sun fusata don da keke aka ratsa shi, suna ganin aikin keke ha'inci ne a gasar allura. Yau kuwa aikin keke shi ya fi yawa a manyan gasanni. A 2004 Hollis Chatelain, wadda ta yi shekaru tana zaune a ƙasashen Afirka ta Yamma, har ta fitar da Buzaye a wani aikinta, ta ci babbar kyautar Houston da bargo a kan darajar ruwa. Ita da rini take zana hoton a kan farin yadi, sa'an nan ta bi shi da zare. Sai aka koma tambaya, shin wannan bargo ne ko zanen fenti ne da aka sa wa auduga?

Tambayar 1933 ma ba ta mutu ba, kama kawai ta sake. Yanzu mace takan haɗa fuska ta biya wata mai babban keke ta ratsa mata, don haka manyan gasanni suka wajabta a rubuta sunan duk wanda hannunsa ya taɓa aikin, wasu ma suka ware rukuni na aikin mutum biyu. Haka kuma idan daga hoton wani aka kwaikwayo, takardar shiga gasa takan nemi sunan mai hoton da shaidar izininsa, in babu a mayar wa mai bargo da kayanta tun kafin a rataye.