Cirar inabi a Faransa: ina gayya ta tsaya, ina ƙwadago ya fara?

Daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba ake cirar inabi a Faransa. Mai ƴar gona a bayan gida ba ya ɗaukar ma'aikata, abokai da maƙwabta yake gayyata.

Dalilin gaggawar shi ne inabi ba ya ƙara nuna bayan an yanke shi, kuma in ya nuna aka bar shi ruwan sama ya same shi, sai ya fashe ya ruɓe. Shi ya sa ake son hannu da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu. Ana farawa da sanyin safiya, kowa da ƙaramin almakashi da bokiti, domin zafin rana yana saurin lalata wanda aka yanke. In an gama a ci abinci tare, abin da mutanen Burgon ke kira "paulée".

Amma ɗalibanmu da masu neman aiki a can su lura. Gonar da ke sayar da amfaninta, galibi ga masu yin giya, ba ta da ikon sa mutum aiki kyauta da sunan taimako. Doka na kallon haka a matsayin ɓoyayyen aiki. Akwai kwantaragi na musamman na cirar inabi, na wata ɗaya, wanda ake iya sabuntawa har jimilla wata biyu. A 2023 an gano ma'aikata fiye da 50, yawancinsu ƴan Afirka ta Yamma, cunkushe a wani ruɓaɓɓen gida a yankin Shampan. A 2025 kotu ta yanke wa waɗanda suka ɗauke su aiki hukuncin ɗauri.