Gam ɗin tiyata wajen haɗa ƙananan jijiyoyin jini

Gam ɗin tiyata wani sinadari ne mai danƙo da likitoci ke amfani da shi wajen manne nama ko toshe wurin da jini ke tsiyaya. Ana gwada shi a tiyatar da ake yi ƙarƙashin madubin ƙara girman abu, inda ake haɗa jijiyoyin jini masu faɗin milimita 1 zuwa 3. Irin wannan aiki ne ke ba da damar mayar da yatsan da ya gutsure, ko ɗauko tsoka da fata daga wani sashen jiki a dasa a wani. Har yanzu ɗinki da zare shi ne ginshiƙin aikin, gam ɗin kuwa mataimaki ne.

Tarihi

A shekarar 1902 Alexis Carrel, likita ɗan ƙasar Faransa, ya bayyana hanyar ɗinke jijiyoyin jini baki da baki, kuma ya samu kyautar Nobel a 1912. A 1960 Julius Jacobson da Ernesto Suarez suka nuna a Jami'ar Vermont da ke Amurka cewa ana iya ɗinke ƙananan jijiyoyi ƙarƙashin madubi. A 1963 Chen Zhongwei ya mayar wa wani ma'aikacin masana'anta hannunsa a birnin Shanghai, sannan a 1965 Shigeo Komatsu da Susumu Tamai suka mayar da babban yatsa a Japan.

Dalilin neman gam

Zaren da ake ɗinkin da shi ya fi gashin kai siranta. Jijiya mai faɗin milimita ɗaya takan buƙaci ɗinki wajen takwas, kuma kowace huda rauni ce a bangonta, inda jini kan iya daskarewa. Lokaci ma yana da muhimmanci: tsokar da jini ya daina isa gare ta takan fara mutuwa bayan kimanin awa shida idan ba a sanyaya ta ba. Saboda haka masu bincike suka nemi hanyar rage yawan huda da tsawon aikin.

Ire-irensa

Na farko shi ne gam ɗin fibirin, wanda ake haɗawa daga sinadarai biyu na jinin ɗan Adam, fibirinojin da turombin. Idan suka gauraya sai su daskare kamar yadda jini ke yi a kan rauni, daga baya jiki ya narkar da su. Helene Matras ta birnin Biyana a Ostiriya tana cikin waɗanda suka fara gwada shi a shekarun 1970. Amurka ta amince da samfurin Tisseel a 1998. Ƙarfinsa bai kai ya riƙe jijiya shi kaɗai ba.

Na biyu shi ne dangin sayano'akirilet, wanda Harry Coover ya gano a 1942, kuma daga cikinsa aka samu Super Glue. Yana kamawa cikin daƙiƙoƙi idan ya taɓa danshi, kuma ya fi fibirin ƙarfi. Sai dai nau'o'insa na farko suna fitar da guba yayin da suke rugujewa, suna kumbura bangon jijiya. Na baya, irin su Dermabond da aka amince da shi a 1998 don manne fata, sun fi sauƙin illa.

Yadda ake amfani da shi

Galibi likita kan yi ɗinki kaɗan don daidaita bakunan jijiyar, ko ya zura baki ɗaya cikin ɗayan, sannan ya ɗiga gam ta waje. A 2011 masu bincike a Jami'ar Stanford suka cika jijiyoyin ɓeraye da wani sinadari mai suna poloxamer, wanda ke yin kauri idan an ɗumama shi, suka manne bakunan da gam ba tare da zare ba. Da wurin ya huce sai sinadarin ya narke, jini ya wuce.

Haɗurra

Babban haɗari shi ne gam ya ɓulla cikin jijiyar. Ɗigo kaɗan ya isa ya toshe ta, yatsan da aka mayar ya mutu. Gam mai tauri kuma yana hana jijiya motsawa da bugun jini. Yawancin shaidar da ake da ita daga gwajin dabbobi ta fito, shi ya sa likitoci suka fi dogara da zare, ko da zoben roba da ake haɗa jijiyoyin da ke mayar da jini zuciya.

Kafin a isa asibiti

A Kano akan kai masu munanan raunukan hannu, irin na haɗarin mota ko injin niƙa, manyan asibitoci kamar Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Gam ɗin kasuwa ba na tiyata ba ne, kuma shafa shi a kan rauni yana ɓata naman da likita zai ɗinke. Idan yatsa ya gutsure, a danne raunin da tsumma mai tsabta, a naɗe yatsan da ƙyalle mai ɗan danshi, a sa shi a leda a ƙulle, a ɗora ledar cikin ruwa mai ƙanƙara, ba tare da yatsan ya taɓa ƙanƙarar ba, sannan a garzaya asibiti.