Yadda Ake Gane Ko Kashi Ya Shiga Ruwan Sha

A wannan makon mun kawo muku bayani a kan ruwan da muke sha. Da yawa daga cikinmu in muka ga ruwa garau, ba wari ba launi, sai mu ce mai tsafta ne. To, ido ba ya iya yanke wannan hukunci. Ƙwayoyin cutar kwalara da taifot da atini ƙanana ne ƙwarai, sai da madubin likita ake ganinsu. Shi ya sa ake kai ruwa ɗakin gwaje-gwaje.

Me ake nema a ciki?

Cututtukan da ke bin ruwa suna da yawa, neman kowacce ɗaya bayan ɗaya zai ci kuɗi da lokaci. Amma yawancinsu hanyarsu ɗaya ce: daga kashin mutum ko na dabba suke shiga ruwa. Don haka masana sai su nemi alamar kashin. Manomi in ya ga sawun akuya a gonarsa, ba sai ya ga akuyar ba, ya san ta shigo.

Sawun da ake nema wata bakteriya ce mai suna E. coli. Wani likitan yara ɗan ƙasar Jamus, Theodor Escherich, ya gano ta a shekarar 1885. Tana zaune a hanjin mutane da dabbobi, kuma tana fita da yawa a cikin kashi. Mafi yawan ire-irenta ba sa cutarwa. Amma ganinta a ruwa yana nuna kashi ya shiga, kuma ƙofar da ta bi, kwalara ma za ta iya bi.

Yadda ake ɗibar ruwan

Ba a zuwa da kowace irin gora. Ana amfani da kwalbar da aka kashe duk ƙwayoyin cikinta, kuma mai ɗiba ba ya taɓa bakinta ko cikin murfinta. In ruwan famfo ne mai kilorin, ana sa wani sinadari da zai kashe ƙarfin kilorin ɗin, don kada ya ci gaba da aiki a hanya ya ɓoye gaskiya. Sai a rubuta wuri da rana da lokaci, a saka kwalbar cikin kula mai ƙanƙara. An fi so a gwada cikin awa 6, kada a wuce awa 24.

Abin da ke faruwa a ɗakin gwaji

Ana auna mililita 100 na ruwan. In aka raba ledar fiya wata mai mililita 500 gida biyar, gida ɗaya ke nan. Sai a tace shi ta wata 'yar takarda mai ƙananan ƙofofi. In aka raba milimita ɗaya gida 1,000, ƙofar ba ta kai rabin gida ɗaya ba. Ruwa zai wuce, bakteriya kuwa ta maƙale a sama.

Daga nan a ɗora takardar a kan ɗan faranti mai ɗauke da abincin bakteriya, a saka a na'urar ɗumama a kan zafin digiri 44 na tsawon awa 18 zuwa 24. An zaɓi wannan zafi ne domin bakteriyar kashi tana jure shi, amma da yawa daga cikin na ƙasa da na ganye ba sa iya girma. Kowace ƙwaya ɗaya sai ta yi ta rabuwa biyu-biyu har ta zama ɗigo da ido zai gani, rawaya ko shuɗi, gwargwadon abincin da aka sa. Sai a ƙirga ɗigogin, a ƙara wani gwaji don tabbatar da cewa E. coli ce.

Nawa aka yarda a samu?

Amsar ita ce sifili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a sami ko ɗaya a cikin mililita 100 na ruwan sha, haka ma ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ta tanada. Daga 1 zuwa 10 akwai ɗan haɗari, in ya haura 100 kuwa haɗarin babba ne.

Sai dai gwajin yau labarin yau kawai yake bayarwa. Rijiyar da ta fita lafiya da rani tana iya gurɓata da damina, lokacin da ruwan sama ke kwaso ƙazanta. Dalilin da ya sa ake maimaita gwaji ke nan.

Mu fa, me ya rage mana?

Ba mu da ɗakin gwaji a gida, amma muna iya toshe hanyar kashi. A bar tazarar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya. A rufe bakin rijiya, kada a yar da guga a ƙasa. A rufe randa, a ware mata moɗa ɗaya, domin ruwa yakan fito famfo lafiya ya lalace a gida ta hanyar hannu mai datti. Mu wanke hannu da sabulu bayan mun fito bayan gida. Ruwan da muke shakka, a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka.

Muna kuma roƙon hukumar makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai su sa a riƙa gwada ruwan da ɗalibai ke sha, musamman a farkon damina, a liƙa sakamakon a wannan allo kowa ya gani. Rigakafi ya fi magani.