Yara 10,000 da Aka Ceta, da Iyayen da Aka Bari a Tasha

A ranar 2 ga Disamba 1938, wani jirgin ruwa ya tsaya a tashar Harwich da ke gabashin Ingila, ya sauke yara kusan 200, kowannensu da lamba rataye a wuya da ƙaramin akwati a hannu. Yawancinsu daga wani gidan marayu na Yahudawa ne a Berlin, wanda aka lalata makonni uku kafin nan. Su ne rukunin farko na shirin Kindertransport, wanda ya kwashe yara kimanin 10,000, akasarinsu Yahudawa, daga Jamus da Ostiriya da Chekoslobakiya da Polan zuwa Birtaniya.

Abin da ya tayar da shirin shi ne daren 9 zuwa wayewar garin 10 ga Nuwamba 1938. A daren nan 'yan Nazi suka banka wa ɗaruruwan wuraren ibadar Yahudawa wuta, suka farfasa shagunansu, suka kama maza kimanin 30,000 suka tura su sansanonin Dachau da Buchenwald da Sachsenhausen. Duniya ba ta da uzurin cewa ba ta sani ba. Tun a watan Yuli na shekarar, wakilan ƙasashe 32 sun taru a Evian ta Faransa kan batun masu gudun hijirar, aka yi ta jawabin tausayi, aka watse kusan kowa ƙofarsa a kulle.

Shugabannin Yahudawan Birtaniya suka je wajen Firayim Minista Neville Chamberlain, majalisa kuma ta tattauna batun a ranar 21 ga Nuwamba. Gwamnati ta yarda, amma da sharuɗɗa. Yaro ya kasance ƙasa da shekara 17. Kada sisin kwabo ya fita daga baitulmali: ƙungiyoyi ko masu riƙo su ɗauki nauyi, daga baya ma aka ce a ajiye fam 50 a kan kowane yaro, kuɗin sallamarsa idan lokacin tafiya ya yi. Sai sharaɗi mafi ɗaci: ban da iyaye.

A nan ne ya kamata mai karatu ya dakata. Uwa ce za ta zauna da dare tana ɗinka sunan ɗanta ɗan shekara biyar a jikin rigunansa, tana zaɓen abin da zai shiga akwati ɗaya tak, domin abin da hukuma ta yarda a fita da shi ke nan, sai maki 10 na kuɗin Jamus. Wani gida mai 'ya'ya uku gurbin ɗaya ya samu, aka bar iyaye da zaɓen wa zai tafi. A wasu tashoshin an hana iyaye isa bakin jirgin ƙasa, don kada jama'a su ga kukan rabuwa. Maganar da kusan kowane yaro ya tafi da ita a kunne ita ce, ka yi gaba, muna nan tafe. Daga nan jirgi ya bi ta Holan, a tsallaka teku zuwa Harwich, sannan a nufi tashar Liverpool Street ta Landan.

Waɗanda suka yi aikin ba masu mulki ba ne. Akwai Kiristoci mabiya ɗariƙar Quaker da suka yi ta rakiyar jirage. Akwai wata mata 'yar Holan, Truus Wijsmuller, wadda ta je Vienna ta tsaya gaban jami'in Nazi Adolf Eichmann da kansa. Ya ba ta izinin fitar da yara 600 cikin 'yan kwanaki, ta kuwa fitar da su. Ita ce kuma ta ɗora rukunin ƙarshe, yara 74, a jirgin ruwan Bodegraven ranar 14 ga Mayu 1940, sojojin Jamus na mamaye ƙasarta. A Prague kuwa, Nicholas Winton, dillalin hannun jari ɗan shekara 29, tare da Doreen Warriner da Trevor Chadwick, sun fitar da yara 669. Jirginsu mafi girma, mai yara 250, an shirya tashinsa ranar 1 ga Satumba 1939, ranar da Hitler ya auka wa Polan. Aka rufe iyaka, jirgin bai motsa ba, kuma kaɗan ne ƙwarai daga cikin yaran nan suka ga ƙarshen yaƙi. Duniya ba ta san aikin Winton sosai ba sai a 1988, lokacin da wani shirin talabijin na BBC ya haɗa shi da wasu daga cikin yaran, sun riga sun manyanta.

Riƙo sa'a ne, kamar yadda duk wanda ya tashi a hannun wani ya sani. Wasu sun faɗa hannun mutanen kirki da suka riƙe su tamkar 'ya'yan cikinsu. Waɗanda ba su da mai jiransu aka ajiye su a sansanin hutu na Dovercourt, cikin ɗakunan katako da aka gina don zafi, ana tsakiyar hunturu. Masu neman ɗan riƙo kan zo su zagaya su duba, kuma ƙanana aka fi so, manya su yi ta jira. An raba wa da ƙani, an mayar da wasu 'yan mata 'yan aikin gida, wasu yaran sun tashi a gidajen da ba a san addininsu ba har ya suɓuce musu tare da harshensu. Da yaƙi ya ɓarke, sai saƙon Red Cross mai kalmomi 25 ya zama hanyar jin labarin gida. Daga baya shi ma ya daina zuwa.

A 1940 ma, da tsoron mamaya ya kama Birtaniya, an tsare kimanin 1,000 daga cikin manyan yaran a matsayin 'yan ƙasar abokan gaba. Walter Kohn, ɗan Vienna, yana cikin waɗanda aka tura Kanada. Ya rayu har ya ci lambar Nobel ta ilimin sinadarai a 1998, amma mahaifansa biyu a sansanin Auschwitz aka kashe su.

Birtaniya ta cancanci yabo, musamman idan aka tuna cewa a Amurka ƙudurin Wagner da Rogers na karɓar yara 20,000 ya mutu a majalisa a 1939, kuma yaran Yahudawa kimanin miliyan 1.5 aka hallaka a yaƙin. Sai dai a ganina yabon ba ya wanke sharaɗin. Gwamnati ta ji tsoron kada iyayen su zo su yi gogayya da 'yan ƙasa wajen neman aiki, sai ta karɓi 'ya'yan ta bar su. 'Yan Nazi ne suka kashe iyayen nan, babu shakka, amma a 1938 ba su hana su fita ba tukuna. Wurin zuwa ne suka rasa.

Alf Dubs yana ɗan shekara shida lokacin da ya bar Prague a ɗaya daga cikin jiragen Winton. Ya zama ɗan Majalisar Dattawan Birtaniya, kuma a 2016 ya nemi ƙasar ta karɓi yara 3,000 masu gudun hijira da ke gararamba a Turai ba iyaye. Gwamnati ta tsayar da adadin a 480.