Kunshe kayan zane domin jigila

Kunshe kayan zane domin jigila shi ne tsarin da gidajen adana kayan tarihi, masu zane da dillalai suke bi wajen naɗe zanen fenti, mutum-mutumi da sassaƙe-sassaƙe kafin a ɗauke su zuwa wani wuri. Manufarsa ita ce kare kayan daga girgiza, faɗuwa, danshi da sauyin zafi, domin zanen da ya tsage ko fentinsa ya ɓare da wuya ya koma yadda yake.

Yadda ake yi

Da farko ana duba kayan, a ɗauki hotonsu, a rubuta duk wani tabo ko tsagewa da ke jikinsu. Da wannan rahoto ake gane ko ɓarnar a hanya ta faru, kuma kamfanin inshora yana dogara da shi. Ana sa safar hannu kafin a taɓa su.

Ba a barin leda mai kumburin iska ta taɓa fuskar zane, saboda takan bar shaida a kan fenti. Ana fara rufe shi da takarda marar asid, sannan a kare kusurwoyin firam da kwali. Idan dole a naɗe ƙyallen zane, gefen fentin ne ke kallon waje, don kada ya tattare ya fashe.

Kaya masu daraja kan shiga akwati biyu, ƙarami a cikin babba, da soso a tsakaninsu. Ana ɗaure murfin da noti maimakon ƙusa, domin bugun guduma yana girgiza abin da ke ciki. Ƙwayoyin silika kuma suna daidaita danshi. Idan akwatin katako zai ƙetare iyaka, ƙa'idar ISPM 15 ta tanadi a gasa katakon ko a turara shi da magani don kashe ƙwari. Bayan isowa, akan bar akwatin a rufe na kimanin awa 24 ya saba da yanayin wurin.

Misalai

A watan Disamba 1962 an ɗauki zanen Mona Lisa daga gidan tarihi na Louvre a Faransa zuwa Amurka cikin jirgin ruwa mai suna France, a akwati na musamman, aka nuna shi a Washington da New York a 1963. A 1964 an kai mutum-mutumin Pietà na Michelangelo daga Vatican zuwa New York cikin akwatin ƙarfe da aka ƙera yadda zai yi iyo ko da jirgin ya nutse.