Sauya rumbun kwamfuta ba tare da asarar bayanan bincike ba

Awa ɗaya ta muryar da aka naɗa a tsarin WAV mai ingancin faifan CD takan cinye fiye da megabayit 600. Shi ya sa ɗalibin da ya dawo daga tattara Adaranci ko Damagaramci kan tarar da rumbun kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka ya cika. Mafita ita ce maye gurbin tsohon faifai mai juyawa da SSD mai faɗi, wanda ya fi sauri, ya kuma fi jure girgizar hanya.

Kafin saye, sai a duba mahaɗin na'urar: SATA ne ko M.2. Daga nan hanya biyu ce: ko a haɗa sabon rumbun da wayar USB a kwafe tsohon ɗungurungum da manhaja irin Clonezilla, ko a girka Windows sabo a kwaso fayiloli da hannu.

Hanya ta biyu tana da tarko. Fayil ɗin ELAN ba ya ɗauke da sauti, adireshinsa kawai yake riƙe. Idan aka raba su, sai an sake haɗa su. Haruffan Charis SIL da manhajar Keyman mai sauƙaƙa rubuta ɓ, ɗ, ƙ da ƴ su ma sai an sake girka su.

Kada a goge tsohon faifai sai an saurari muryoyin a sabon rumbun, domin tsohuwar da ta ba da tatsuniya ba lallai a sake samunta ba.